Zafin Yana Nan

A bakin tashar jirgin ƙasa ta Darkhan nake kwana,
ni Gombo mai tasi, mai jiran jirgin ƙarfe ukun dare.
Sana'ata rabinta tuƙi ce, rabinta zama,
a zaman kuwa motar nan take cin amanata.

In na hau titi na taka totur,
hita ta yi ta huci kamar bakin murhu
har in kwance maɓallin wuya.
In na tsaya, inji na silo,
kafin in sha rabin shayina mai gishiri
iskar ta zama ta bakin rijiya da asuba.
Numfashina ya daskare a gilashi,
in kankare shi da katin banki.

Na kai ta wajen Tsermaa, bayan kasuwar katako,
wadda ta gaji garejin mijinta har da bashinsa.
Ta ce, "Bar ta ta huce tukuna.
Mai buɗe lagireto da zafi, fuskarsa ya sa a caca."

Da ta huce, ta leƙa: ruwa ya sauka yatsa biyu.
Ta cika. Muka tayar. Muka jira.
Sanyi ya ce yana nan daram.

Allurar zafi ta hau tsakiya ta zauna.
"To, ba tamostat ba ne," in ji ta.
"Da shi ne ya saki baki, a kan titi za ka fi kuka,
kai kuwa a tsaye kake kukanka."
Akwai sabo fil a aljihuna, na tugrik dubu arba'in.
Na bar shi can, ban ce uffan ba.

Ta cire safar hannu, cikin sanyin da ke tsaga dutse,
ta zura hannu bayan inji
inda tiyo biyu ke shiga ƙirjin mota.
Na farko: ɗumi-ɗumi, ba ya ƙuna.
Na biyu: kamar hannun wanda ya kwana a waje.
"Taka." Na taka.
Duka biyun suka ɗau zafi har ta yarfe yatsu.
"Saki." Na saki. Suka koma gidan jiya.

Ta ce wataƙila iska ce ta maƙale a hanya.
Muka ɗora gaban motar kan tudun toka,
hanci sama kamar raƙumi mai fushi.
Kumfa ta fito, ɗaya, biyu, uku, ta ƙare.
Na yi murna da wuri.
Daren nan jirgi ya makara awa biyu,
wata tsohuwa mai jiran ɗanta a kujerar baya
ta naɗe ƙafafunta da jaridata.
Ba ta yi ƙorafi ba. Da ma ta yi.

Washegari aka wanke cikin hitar, ruwa ya fito tas.
Tsermaa ta yi shiru, ta ɗauko sifana,
ta kwance famfon ruwa
ta ɗora mini shi a tafin hannu.
Fikafikansa tsatsa ta cinye,
saura dasashi, babu haƙora.

"Bazara nawa kana ɗura mata ruwan rijiya
don kada ka sayi na kanti?"
Na dubi takalmina.

"Zafin yana nan," ta ce, "inji bai taɓa rowa ba.
Ɗan aiken ne ya tsufa.
In ka kora shi da gudu, ya ɗan taɓuka.
In ka bar shi a hankali, sai ya yi ta juyi a wuri ɗaya,
ya je hannu rabbana, ya dawo hannu rabbana."

Na biya rabi, rabi sai ƙarshen wata.
Ta rubuta a bango da alli, ƙarƙashin sunan wani.

Yau ma jirgin ya makara.
Inji na silo, ƙafata ba ta kan totur.
Tsohon famfon na gefena cikin tsumma,
shi da tamostat ɗin da ban mayar ba.
Ƙanƙarar gilashi na narkewa daga ƙasa,
ta buɗe ƙofa kamar faɗin kwano,
ta nan nake hango fitilar jirgi
tana tahowa daga kudu.